Makarantar Tsakar Gida

Tun kafin ladan ya yi kiran salla na biyu autata take farkawa. Ba ta yin kuka. Sai dai in ji ɗan hannunta yana laluben fuskata a cikin gidan sauro, tana ta gwaranci irin wanda ita kaɗai ta san fassararsa. Watanta 14 a duniya. Nakan amsa mata kamar na gane: "To, haka aka yi? Sai kuma me?" Sai ta ƙara ƙaimi, can ta yi shiru tana jira, ni kuma in sake amsawa. Wanda ya jiyo mu daga waje zai ce wasa muke yi. Wasan ne kuwa, amma a cikinsa take koyon abin da duk wani karatu ya ginu a kansa: ka yi magana a saurare ka, a yi magana ka saurara.

'Ya'yana uku. Babbar, wadda bakina ba ya kama sunanta saboda 'yar fari ce, shekararta bakwai, tana aji biyu na firamare. Mai bi mata namiji ne ɗan shekara huɗu, sai kuma auta. Muna haya a Tudun Wadan Zariya, ciki da falo, mu da wasu iyalai biyu a tsakar gida ɗaya. Ɗinki nake yi a gida yanzu, amma kafin in haifi na biyun na yi shekara biyar ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata firamaren gwamnati. Abin da na gani a wancan ajin shi ya sauya mini yadda nake kallon aikin uwa.

Duk shekara akan kawo mini yara fiye da 70. A makon farko nakan bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: "Me ka ci da safe?" Wani sai ya kwararo labari, koko ne, ƙosan bai isa ba, ƙaninsa ma ya zubar da nasa. Wani kuwa sai ya sunkuyar da kai, kalma ɗaya sai da lallashi. Kafin zango na biyu ya ƙare, masu labarin nan ne ke fara haɗa baƙi. Da farko na ɗauka gata ne. Da na fara sanin gidajensu sai na ga ba haka ba ne, don akwai ɗan mai shayi a cikinsu, akwai 'yar mai wankau. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: a gida akwai mai yi musu hira, ko uwa, ko kaka, ko yaya.

Masana lafiyar yara sun daɗe suna nanata cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta sake yin saurin girma irin na shekarun farko, musamman kwana 1,000 na farko, wato daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu. Kakanninmu sun taƙaita zancen da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun fi tuna wannan karin magana idan za a ɗauki bulala, alhali tanƙwarar da ta fi zama a jikin yaro da baki ake yin ta.

Aikin gida shi ne darasin

Ba ni da wani lokaci da na ware na ce wannan na karatu ne. Uwar da wanki da girki da ɗinkin mutane ke jiranta ba za ta iya ba. Dabarata ita ce in jawo su cikin aikin da dama sai na yi shi.

Da asuba babbar takan tsaya a gefena mu yi salla, tunda bana ta kai shekarun da addini ya ce a fara umartar yaro da ita. Daga nan sai su je su durƙusa su gaida babansu, su zaga ƙofofin maƙwabta. Gaisuwarmu doguwa ce, ban kuma taɓa gajarta musu ita ba: kwana, gajiya, sanyi, da mai jiki idan akwai marar lafiya a ɗakin. Yaron da ya iya gaisuwa ya koyi jiran amsa, ya kuma fara gane cewa kowa da halin da ya kwana a ciki.

Rabon koko na ɗan shekara huɗun ne. "Mu nawa ne yau?" Sai ya ƙirga da yatsu: Abba, Umma, Yaya, ni, Auta. Kofi biyar. Ranar da babansu ya yi sammakon zuwa Kaduna sai in ce, "Yau Abba ba ya nan, kofi nawa za ka ɗauko?" Ranar da ya fara cewa huɗu ba tare da ya duba yatsunsa ba, na san ya kama ɗebewa tun kafin ya ji sunanta. Idan zan yi alala nakan zuba masa wake kaɗan a faifai, ya ware tsakuwa gefe, mai ƙwari gefe, mai kyau gefe. Shi ke auna mini shinkafa da gwangwanin madara, yana ƙirgawa da ƙarfi. Ranar wanki yana da 'yar robarsa da safarsa.

Ba zan ɓoye wa 'yan'uwana mata ba, wannan yana ja wa aiki jinkiri. Wankin awa ɗaya sai ya kai biyu, ruwa ya zube, a sake canza riga. Amma jinkirin na ɗan lokaci ne. Babbar da na yi haƙuri da ita tana 'yar shekara huɗu, yau ita ke ninke kayan ƙannenta ba tare da na ce ba.

Ƙarƙashin keken ɗinkina kuwa aji ne mai zaman kansa. Ƙyallayen da suka rage nakan tara su a buhu, yaron ya zauna yana jera su bisa launi. A nan na lura da wata ni'ima ta harshenmu: yawancin launukanmu sunan wani abu suke ɗauke da shi. Ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan hoda, ruwan ƙwai. Duk launin da ya koya sai mun nemo abin mun kara shi da ƙyallen. Ranar ruwan goro sai da muka je ɗakin tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, ta ɓara masa goro ya gani da idonsa.

Da wane harshe?

Wata maƙwabciyata ta taɓa ce mini, cikin kyakkyawar niyya, "Malama, ke da kika yi boko, me ya sa ba kya yi wa yaran nan Turanci a gida?" Na san abin da ke ranta, domin kowace uwa tana tsoron kada a bar ɗanta a baya. Ni ma ina son 'ya'yana su iya Turanci da Larabci, har da Faransanci in da hali. Amma na ga iyayen da suka daina hira da 'ya'yansu da Hausa, Turancin nasu kuma bai wuce zo, tafi, zauna, yi shiru ba. Yaron ya tashi babu zurfi a ko ɗaya.

An gwada koyar da yara da harshen gida a ƙasar nan tun da daɗewa. A shekarar 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ile-Ife suka fara wani gwaji, inda aka koyar da wasu yara darussan firamare na shekara shida da Yarabanci, Turanci ya zama darasi guda a cikin darussa. Da aka kwatanta su da waɗanda aka juya wa karatu zuwa Turanci tun a tsakiyar firamare, sai aka tarar sun fi fahimtar darussansu, kuma ba su gaza a Turancin ba. Dalilin a bayyane yake. Yaro sau ɗaya yake koyon yadda baƙi ke haɗuwa da wasali ya ba da sauti, ya fi kuma saurin ganewa idan kalmar da ta fito ya san ta. In ya iya, sai ya ɗauki dabarar ya shiga da ita kowane harshe.

Rubutun Hausa na boko ya sauƙaƙa mana, don kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Da gawayi na fara wa babbar a kan simintin ƙofar ɗaki: ba, be, bi, bo, bu. Da ta iya haɗa ba da ba ta ga baba ya fito, sai ta ruga ta jawo hannun mahaifinta ya zo ya gani. Haruffa masu ƙugiya kuwa da wasa muka koye su. In rubuta kafa ta ƙara ƙugiya ya koma ƙafa, baki ya koma baƙi, bari ya koma ɓari. Yanzu ita ke rubuta mini jerin cefane, tattasai, albasa, daddawa, kuka, ta miƙa wa babanta. Rubutun da ake sayo abu da shi ya fi zama a kan yaro fiye da wanda ake kwafa don a cika shafi.

Bayan azahar sukan ɗauki allunansu su tafi makarantar allo, in ban da Alhamis da Juma'a. Yaron yana kan babbaƙu, yayarsa ta wuce farfaru. Malam ke biya musu, amma ni ke sauraron tilawa bayan magariba, ni ke duba ko an wanke allo an shanya, ko tawada ta ƙare. Duk lokacin da gajiya ta so ta hana ni, nakan tuna Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864. Ita ta shirya 'Yan Taru, malamanta mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna kai wa mata karatu har inda suke. Abin da na ɗauka daga tarihinta shi ne ilmin da ya shiga hannun uwa ba ya tsayawa a kanta.

Waya da wasan ƙasa

Akwai abin da ya faru da ni a azumin bara da nake so kowace uwa ta ji. Ɗinkin Salla ya taru, ga goyo, ga girkin buɗa-baki. Sai na fara miƙa wa yaron wayata ya kalli katun don in samu in taka keke. Aka fara da rabin awa, kafin a kai ashirin ga wata ya zama daga hantsi har la'asar. Gida ya yi tsit, aiki yana tafiya, ban ga komai ba. Surukata ce ta zo barka da shan ruwa, ta zauna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Wai ina surutun maigidan nawa ya tafi?" Maganar ta soke ni. Yaron da ba ya minti biyar bai yi tambaya ba ya daina tambaya. In caji ya ƙare sai birgima da kuka, da dare kuma barci ya ƙi zuwa.

Daga baya na san cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara kan wannan a 2019. Ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin. Daga shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar motsa jiki na aƙalla awa uku a rana, da barcin awa 10 zuwa 13. Waya tana yi wa yaro magana, amma ba ta jiran amsarsa, kuma a wurin amsar nan ne harshe ke tsirowa. Raba shi da ita ya ɗauke mu kusan mako biyu na rigima. Yanzu rabin awa yake kallo, muna tare, in an gama kuma sai ya ba ni labarin abin da ya gani.

Abin da na sa a madadinta ban saya da ko sisi ba. Kwali ne guda, cike da gwangwanaye, da bututun zare da ya ƙare, da ƙyalle, da karan dawa da muke roƙowa idan an yi girbi. Da kara yake ƙera mota da tabarau. Ƙananan abubuwa irin maɓalli da murfin kwalba sai auta ta yi barci ake fito da su, saboda komai ta samu baki take kai shi. Da yamma yaran gidan gaba ɗaya sukan cika tsakar gida. Maza suna langa, mata suna carafke da 'yar ɓuya. Kada uwa ta raina waɗannan. Mai langa yana koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya da jure faɗuwa, mai carafke tana haɗa ido da hannu tana ƙirga, dukkansu kuma suna koyon jiran layi da yarda idan an ci su.

A wurin wasan tuwon ƙasa ne uwa ke jin muryarta. Wata rana ina ɗinki na jiyo babbar tana daka wa 'yar tsanarta tsawa: "Tashi ki ba ni wuri, kin cika surutu!" Kalmomina ne, har yadda nake jan su. Na tsayar da keken na daɗe ina tunani. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun daga ranar nake ƙoƙarin in fushi ya taso in fara yin a'uziyya, in durƙusa daidai tsayin yaron, in gaya masa laifinsa da abin da zai yi ya gyara. Wanda ya zubar da ruwa shi zai ɗauko tsumma. Wanda ya doki ɗan'uwansa zai bar wasan ya zauna kusa da ni har ya huce, sannan ya ba da haƙuri. Ba kullum nake cin nasara ba, amma na ga bambanci: yaron da ba ya tsoron duka ya fi saurin faɗin gaskiya.

Kunya da tambaya

Ni ma 'yar fari ce. Har yau Inna ba ta kama sunana, kuma da ina ƙarama ba ta yi mini hira a gaban mutane. Ban rasa komai ba, domin a babban gida na tashi. Kakata ce abokiyar hirata, ga gwaggo, ga matan baffanni. Al'adar kunyar ɗan fari ta zo da masu cike gurbinta. Yau da yawanmu muna ɗakin haya, kaka tana wani gari. Idan uwa ta yi shiru saboda kunya, babu mai magana da yaron sam. Shi ya sa na riƙe rabin al'adar na saki rabi. Sunan babbar ba na kamawa, amma hira, da yabo, da runguma, ba na rage mata ko kaɗan.

Haka nan na hana bakina cewa "ka cika tambaya." Wani dare muna dawowa daga unguwa yaron ya ce, "Umma, me ya sa wata yake bin mu?" Na ce ya dubi bishiyar da ke kusa, muna tafiya tana komawa baya, ya dubi dutsen Kufena can nesa idan rana ta fito, zai ga kamar ba ya motsi. Wata ya fi dutsen nisa ƙwarai, shi ya sa duk inda muka je yana nan. Tambayar da ta fi ƙarfina nakan ce mu ajiye wa Abba ko Malam, mu kuma tambaya ɗin da gaske. Yaro yana bukatar ya ga cewa babba ma yana neman sani.

Duk wannan sai da lafiya. Katin rigakafin auta yana cikin gwangwanin da nake ajiye allura da zare don kada in manta. Ta karɓi na haihuwa, da na mako 6 da 10 da 14, da na ƙyanda a wata tara, wata mai zuwa kuma za ta karɓi na ƙyanda zagaye na biyu. Wata shida ta yi tana shan nono zalla, yanzu ina haɗa mata da kunun gero da waken suya da gyaɗa. Da damina ba na mayar da masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Rijiyar gidanmu kullum a rufe take, kananzir kuma ba ya zama a robar lemo.

Bayan isha'i

Wuta ta zo ko ba ta zo ba, bayan isha'i tabarma ake shimfiɗawa. "Ga ta nan, ga ta nanku." Su amsa da ƙarfi, "Ta zo mu ji ta!" Gizo da Ƙoƙi sun fi kowa farin jini. Nakan tsaya a tsakiyar labari in ce, "Da kai ne Gizo, yaya za ka yi?" Amsoshinsu wani lokaci sun fi na tatsuniyar daɗi. In an yi ƙurunƙus sai kacici-kacici. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya? Yaron ya kwana biyu yana tunani, sai da ya ga ina shara ya yi tsalle ya ce tsintsiya. Idan tatsuniyoyina sun ƙare nakan duba littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Daren Alhamis kuwa na babansu ne, yakan karanta musu Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a garin nan namu a shekarun 1930. Har yanzu akun cikin littafin yana riƙe yara kamar jiya aka rubuta shi.

Wannan daren na Alhamis ina so iyaye maza su dube shi da kyau. Aikin uwa ba shi da ranar hutu, akwai kuma ranakun da nake kwanciya bayana kamar zai tsage. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Minti ashirin da uba zai zauna a tabarma kafin ya fita majalisa hutu ne ga uwa, ga yaro kuma wata murya ce ta daban da wasu kalmomi na daban. Mu matan gidan ma mun yi shiri a tsakaninmu: ranar da ɗaya ke da awo a asibiti ko aiki ya yi mata yawa, sauran su riƙe yaran. Ɗa na kowa ne, amma sai an faɗa da baki an tsara, in ba haka ba kowa sai ya bar wa kowa.

Shekaranjiya da asuba gajiya ta danne ni, ban ji motsin auta da wuri ba. Cikin barci na jiyo gwarancinta, na kuma jiyo wata 'yar murya tana amsa mata. Ɗan shekara huɗun ne, ya mirgino kusa da ita a cikin gidan sauro. Ta yi nata ta yi shiru. Shi kuma ya jira har ta gama, sannan ya ce a hankali, "To, haka aka yi? Sai kuma me?"